Ƙaho na Farko a Sinfoni ta Huɗu

Kumamoto, 15 ga Nuwamba, 1987

Kawu Noriaki,

Ina gaishe ka daga kudu, inda ganye bai gama yin ja ba, alhali ku can na san kun fito da barguna. Yaya gwiwa? Yaya Inna Kikuno da fama da kai? Ni lafiya lau nake, sai aikin ɗakin magani na asibiti da ba ya ƙarewa. Akwatin tuffa ya iso. Na raba wa abokan aiki, waɗanda suka fi kyau na ajiye a gaban hoton Mama.

Ga faifai nan tare da wasiƙar, irin ƙaramin nan mai ƙyalli da ba ya bukatar allura. Na san ka sayi na'urarsa bara kana ta zaginta, to ga abin da za ka saka mata. Dogon kiɗan taron makaɗa ne, Sinfoni ta Huɗu ta Tsohonmu, mai tsara kiɗan nan na Ostiriya, wadda madugu Morvay ya ja makaɗansa suka yi a bana. Na san abin da za ka ce tun kafin ka ce: sauri. Za ka ce madugu Lindhorst na tsohon faifanka yana tafiya da kiɗan kamar mai hawan dutse da kaya a ka, Morvay kuwa kamar wanda jirgin ƙasa zai tashi ya bari. Amma ka saurari zango na biyu na kiɗan da zuciya ɗaya. A tsohon faifanka ana jan waƙar har sai ta koma makoki. A nan kuwa mutum ne yake ratsa daji shi kaɗai, ransa a ɓace, amma ƙafarsa ba ta tsaya ba. Ni wannan na fi gaskatawa.

Yanzu ga ainihin maganar. Ƙungiyarmu ta makaɗa, mu da muke haɗuwa bayan an tashi daga aiki, ta Huɗun nan za mu yi a watan Afrilu. Wanda yake busa ƙaho na farko kamfaninsu ya mai da shi Osaka. Madugunmu Urabe-san, likitan haƙorin nan da na taɓa ba ka labari, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Chizuru-san, haƙoranki na gaba ni na gyara su, na san za su iya. Ke ce ta farko."

Ka san abin da wannan yake nufi. Masu goge suna ta rawar ɗari can ƙasa-ƙasa, zaure ya yi tsit, sai ƙaho ɗaya tilo ya yi kira. Ba inda mutum zai ɓuya. Wannan kiran shi ne farkon abin da ka jiyar da ni, shekarar da Baba ya rasu Mama ta kawo ni gidanka hutu. Ka zaunar da ni gaban lasifika ka ce in na motsa ba ni ba kankana. Mama takan ce kai da ita 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, amma ka fi mata na ciki ɗaya. Ka zo, Kawu. Zan ajiye muku kujeru biyu a tsakiya.

Na buga waya kwanaki, Inna ta ce kana lambu. Tun yaushe kake lambu a Nuwamba?

'Yarka,
Chizuru

Hirosaki, 6 ga Disamba, 1987

Chizu,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka, dutsen ya yi fari tas. Gwiwa tana nan tana tuna min shekaruna duk safiya. Innarki ta cika tukwane da tsimin kabeji kamar za a yi yaƙi, tana gaishe ki, ta ce ki daina tsallake abincin rana.

Na saurari Morvay ɗinki. Ba saurin ne ya dame ni ba, ai matashi ne, dole ya nuna yana da jini. Abin da ya dame ni shi ne bai san shiru ba. Tsoho yakan gina kiɗa har ya kai ƙololuwa, sai ya yanke, ya bar mutum a tsaye. Wannan shirun ba hutun makaɗa ba ne, wani ɓangare ne na maganar. Lindhorst yakan bari sai bangon ɗakin ya gama mayar da sautin kafin ya ɗaga sanda. Morvay kuwa tsallake shi yake kamar mai tsallake kwata. Kin ce a zango na biyu Lindhorst makoki yake yi. To me kike so ya yi? An ɗauki faifansa yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, a wani coci mara wuta, makaɗan sanye da riguna masu nauyi, kowannensu ya binne wani. Har tarin da ake ji a ciki na fi so a kan tsabtar naki. Aibinsa ɗaya ne, kuma na sha gaya miki: mai ƙahonsa muryarsa tana rawa a ƙarshen kiran farko. Shekara talatin ke nan ban yafe masa ba.

Amma na Morvay sun fi shi laifi. Tun daga kiran farko sautin a karkace yake, kamar mutum biyu ne suke busawa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsami. Zango na uku, inda ƙahoni suke kiran farauta, ban iya kai shi ƙarshe ba.

Maganar Afrilu kuwa, na taya ki murna, da mahaifiyarki tana nan da ta cika garin da labari. Sai dai kada ki ajiye min kujera. Kunnen nan ya shekara arba'in yana jin Tsoho yadda ya kamata a ji shi. Ba zan ɗauke shi tun daga arewa har kudu in kai shi inda zai ji shi a karkace ba. Gara in zauna da abin da nake tunawa.

Ki riƙa rufe wuyanki.

Kawunki,
Noriaki

Kumamoto, 20 ga Disamba, 1987

Kawu,

Da fatan kuna lafiya kai da Inna, kuma sanyi bai matsa ba. Ni ma lafiya.

Na kai wa Urabe-san nawa faifan na Morvay muka saurara tare, muka maimaita. Ƙahonin a miƙe suke kamar zaren magini. Amma tunda kai ka ce a karkace suke, sai a bar shi a haka.

Mun san ko mu su waye. Mai babban gogenmu direban bas ne. Mai tambura shinkafa yake sayarwa. Ni magani nake ƙirgawa tun safe, da yamma in tafi bakin kogi in busa, don maƙwabta sun kai ƙara ta wajen mai gida. Ba wanda ya ce mu makaɗan Turai ne. Ban manta da labarin da kake bayarwa ba na ranar da ka tashi ka fita daga zaure a Sendai tun ba a gama zango na farko ba, don masu goge ba su shigo tare ba. A da ina dariyar labarin.

Na gane maganarka a kan kunnenka, Kawu. Na gane sarai. Ba zan ƙara ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Daga yau ba faifai, ba gayyata.

A gaida Inna. Mu ga sabuwar shekara lafiya.

Chizuru

Hirosaki, 28 ga Fabrairu, 1988

Chizu,

Muna nan lafiya, sai dusar ƙanƙara da ta kai taga. Katin sabuwar shekararki ya zo, bugun inji, ko layi ɗaya ba ki ƙara da hannu ba. Ni ma ban rubuta ba, don fushi nake, kuma yau na gaji da fushin.

Tun ranar da na karanta wasiƙarki gidan nan bai zauna lafiya ba. Na ce wa Innarki, "Ke kika gaya mata." Ta ce, "In ni na gaya mata, bakina ya karkace kamar ƙahonka." Na ce, "To wa ya gaya mata, kyanwa?" Ta ce, "Tsoho mai taurin kai, da kyanwa tana magana da ta daɗe da kai ƙararka." Ranar miyata ba gishiri aka kawo ta. Har yau ta ƙi amsa laifin. To tunda kin riga kin ji, gara ki ji daga bakina, don ban san yadda aka ƙawata miki shi ba.

Abin ya fara da bazarar da ta wuce. Butar shayi ta yi fito a kicin, sai na ji fito biyu. Na ɗauka butar ce. Daga baya ƙararrawar haikali ma ta zama biyu. Likita ya gwada ni ya ce kunnen hagu yana jin kowane sauti sama kaɗan da yadda na dama yake jin sa, jijiyar ce ta gaji, kuma ba ta da magani. Ya ba ni abin saƙalawa a kunne. Ƙara yake ƙarawa, ba ya miƙar da komai. Magana ido da ido ina ganewa in na kalli baki. Waya ce ba na iyawa, shi ya sa nake lambu a Nuwamba.

Da faifanki ya zo na riga na san duk wannan, amma na ɗora wa bayin Allah masu ƙahon Morvay laifi, don ya fi sauƙin rubutawa. Bayan na aika miki da wasiƙar, wata safiya na ce bari in wanke kunnena da Lindhorst. Na goge faifan, na sauke allura. Goge suka fara rawar ɗarinsu. Sai kiran ya zo, shi ma biyu. Chizu, mai ƙahon nan da na san numfashinsa fiye da na Innarki, ya zo min da wani baƙo a bayansa yana kwaikwayonsa. Na ɗaga allurar. Ban sake sauke ta ba.

Ba ciwon ne ya fi ɓata min rai ba, tausayin ne. "Abin da ba zai iya ɗauka ba." Ni na koya miki musu, kuma ke kaɗai kika rage mai yi da ni. Abokan saurarona biyu sun mutu, na ukun ya koma gidan ɗansa ya zama mai kallon talabijin. In kika daina aiko da faifai don kada ki tuna min, to kin rufe ni tun ban mutu ba. Ki aiko. Ki rubuta abin da kika ji, ni in gaya miki inda kika yi kuskure.

Kawunki,
Noriaki

Kumamoto, 6 ga Maris, 1988

Kawu,

Ina gaishe ku, amma kafin komai ka tashi yanzu ka je ka ba Inna haƙuri. Ba ta gaya min komai ba. Ba wanda ya gaya min komai sai kai, a wasiƙar nan.

A matattakalar bene na karanta ta, jaka a kafaɗa. Na shiga ɗaki na ɗauko wasiƙarka ta Disamba na sake karantawa. "Inda zai ji shi a karkace." Ni na ɗauka mu ne karkatattun. Na ɗauka cewa kake ba za ka ɓata kunnenka da busar mai ƙirga magani ba. Abin da na rubuta maka ba tausayi ba ne, baƙar magana ce, na zaɓi kalmomin don su yi zafi. Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka, har matar ɗakin kusa ta ƙwanƙwasa ta ce ko wani ne ya rasu.

Tunda musu kake so, ga shi. Urabe-san ya zaɓi tafiyar hawainiya, kusan irin ta Lindhorst. Na yi masa gardama ya ce, "Ni ma gaggawa ba ta taɓa cire min haƙori da kyau ba." Sai yanzu da nake busa kiran a wannan tafiyar na gane mai ƙahon da ka ƙi yafe wa. A hannun Morvay kiran yana ƙarewa da sauran iska a ƙirjina. A hannun Lindhorst iskar tana ƙarewa kafin sautin ya ƙare, sauran sai dai mutum ya ba da daga inda ba shi da shi. Rawar muryar da kake ji ba rashin iyawa ba ne. Mutum ne mai jin yunwa, cikin sanyi, madugu ya ce masa riƙe, ya riƙe. Har yanzu ina ganin Morvay ya fi gaskiya a zango na biyu. Amma a farkon nan na bar maka, kuma kai ma ka bar wa mutumin nan.

Kujerun ban bayar da su ba, duk da fushin. Ban san me zan ce ka zo ka yi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa zai yi daɗi ba. Ina tsoro ne kawai, Kawu. Leɓena yana kumbura, a gwaji kiran yana fita yau gobe ya ƙi. In na ɗaga kai ina so in ga wanda ya san girman abin.

'Yarka,
Chizuru

Hirosaki, 27 ga Afrilu, 1988

Chizu,

Mun iso gida lafiya. Gwiwa ta biya kuɗin tafiyar, amma furannin itatuwan ceri na bakin ganuwa sun jira mu, yanzu suke buɗewa. Innarki tana ta ba maƙwabta labarin ɗanyen naman dokin da kuka ba ta, ta ce ba za ta ƙara kallon doki ido da ido ba.

A wajen cin abinci bayan kiɗan ba ki tambaye ni ba, ga hayaniya ga mutane. Na ga kina satar kallona. To ga amsa.

Ban ji ba. Ko in ce na ji abin da ba ku kaɗa ba. Da goge suka fara na rufe ido kamar yadda na saba, sai kiran ya zo biyu, da sauran suka shigo kuwa kamar an kifar da kwandon kwanoni daga saman bene. Na kama hannun kujera zan tashi. Innarki ta danne min gwiwa, mai ciwon kuwa, ta ce a kunnen dama, "Nan ba Sendai ba ne. Zauna."

Na zauna. Na tura auduga a kunnen hagu, abin ya ragu ya koma kamar ana kiɗa a gidan maƙwabta. Sai na buɗe ido. Kin san ban taɓa kallon ta Huɗu ba? Ko a zaure idona a rufe yake, don kada fuskar mutane ta shiga tsakanina da Tsoho. Na san kiɗan da ka, don haka ina bin hannun masu goge na san inda ake. Na ga direban bas ɗinku yana ƙirga hutu da leɓe kamar mai addu'a. Na ga wata yarinya a layin baya ta ɓace, ta kusa da ita ta nuna mata wurin da kan sandar gogenta ba tare da ta daina kaɗawa ba. Da aka kai babban shirun nan, likitan haƙorinku ya tsaya da hannu a sama, ya jira, ya ƙara jira, mutum saba'in ba mai ƙifta ido. Wannan kam na ji shi daidai da kowa. Ki gaya masa ya san shiru.

Tsohuwar da ke gefena ta hagu, uwar mai tamburanku, ta yi barci a zango na biyu, ta farka a na uku ta miƙo min alewa ta ce, "Naka wanne ne?" Na nuna ki. Ta ce, "Oho, mai kiran nan." Sai ta dafa min hannu. Ban gane ko taya murna take ko jaje ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Ke kuwa na gan ki kafin a fara. Kin zubar da ruwan ƙahon, kin sauke kafaɗu, kin ɗaga kai kin neme mu. Da kika ja numfashi na ja tare da ke. Fuskarki ta yi ja, ta koma fari, ba ki sauke ba.

Faya-fayan ta Huɗu sun cika kanta guda a ɗakina, kowanne na san matsayinsa. Wannan ban san inda zan sa ta ba, ma'aunin ya lalace. Saboda haka ke za ki gaya min. Yaya kiran ya fita? Kada ki yi min ado. Innarki ta ce ya yi kyau, amma ita ko ƙarar injin wanki kyau take yi mata.

Kawunki,
Noriaki

Kumamoto, 3 ga Mayu, 1988

Kawu,

Na ji daɗi kun isa lafiya. Ka riƙa gasa gwiwar da ruwan zafi. Na isar wa Urabe-san saƙonka, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ba ado. Kiran farko ya fita lafiya, a hankali, daga nesa, yadda nake jin sa a kaina tun ina yarinya. Na biyu ya fi shi, har na ji bangon baya ya dawo min da shi. A ƙarshensa iska ta ƙare, muryar ta yi rawa kaɗan, na riƙe. Na uku, wanda yake hawa sama, shi ne ya tsage. Ba ƙaramar tsagewa ba, Kawu. Kamar an taka agwagwa. Wani a layin gaba ya ce "Ash!" da ƙarfi. Na kamo sautin na gama da shi, sauran zangon ban san yadda aka yi na busa ba. Kiran farauta kuwa mu huɗu mun yi shi kamar ƙaho ɗaya, wannan ba mai ƙwace mana. Tsohuwar nan jaje take maka.

Tun ranar mutane suke ta lallashi na. Direban bas ya ce ko ƙwararru yana faruwa da su. A asibiti an kawo min kek. Kowa a zauren nan ya ji tsagewar sai kai, kuma kai kaɗai nake so ka ji ta, ka dawo gida ka cika min shafi uku da faɗa.

To ka rubuto faɗan duk da haka. Na gaya maka inda ya tsage. Sauran ka san shi.

'Yarka,
Chizuru